Wandon ruwa, da dattijon da ya hana ni sayen mai tsada

Wani abokin aikina ne ya ja ni farautar agwagwa, Bature ɗan asalin nan jihar Minisota ta Amurka, wanda tun yana yaro kakansa ke kai shi fadama da asuba. Ya ce bindiga zai ara mini, kwalekwale yana da shi, kare ma akwai, amma abu ɗaya ba a aronsa, shi ne wandon ruwa. Wando ne na roba haɗe da takalminsa, ya taso tun daga tafin ƙafa har ƙirji, ana rataye shi a kafaɗa da maɗauri. Da shi ake shiga ruwa a jera agwagin roba na yaudara, a laɓe cikin ciyawa a jira na gaske su sauko. Kafin tsakiyar Nuwamba bakin ruwan nan ya fara ƙanƙara, don haka zancen naɗe ƙafar wando a faɗa, irin namu na Haɗejiya, bai ma taso ba.

Na shiga wani ƙaton kantin kayan farauta, na nufi inda aka rataye su jere, na ɗauko wani na wajen dala 500. Ku kun san dokarmu ta kasuwa: in ba ka san kaya ba, bi kuɗinsa. Sai ga wani dattijo mai furfura cikin ma'aikatan kantin. Ya tambaye ni inda zan yi farautar, da watan da zan fita, da ko a kwalekwale za mu je ko za mu taka da ƙafa mai nisa. Har tambayata ya yi ko ni mai yawan gumi ne. Da na ba shi amsa, sai ya karɓi wandon daga hannuna ya mayar kan ƙugiyarsa, ya ce wannan ba nawa ba ne, na biyo shi. Wanda ya ciro mini bai kai rabin kuɗin wancan ba.

Wallahi na daɗe ina kallon mutumin nan ina neman inda dabarar take. Ban same ta ba.

Ya ce iri biyu ne manya. Akwai na niyofirin, wata roba mai laushi da kauri irin ta masu nutso a teku, ana yin ta milimita 3.5 ko milimita 5. Tana riƙe ɗumi sosai, ga sauƙin kuɗi, sai dai nauyi, kuma ba ta fitar da gumi. Wanda zai yi tafiya mai nisa cikin taɓo da ita zai jiƙe daga ciki, da ya tsaya cik yana jira sai gumin ya huce a jikinsa, sanyin da ya gudar wa ya same shi a cikin wandon. Ɗayan kuma yadi ne mara nauyi da ke hana ruwa shiga amma ya bar tururin jiki ya fita. Shi na fara ɗauka. Ba ya ɗumi da kansa, sai ka jera tufafi a ƙarƙashi, kuma kututture ko wayar shinge na iya yaga shi. Tunda mu a kwalekwale za mu je mu zauna cikin sanyi, ya ce niyofirin mai milimita 5 ya ishe ni. Sannan ya juya takalmin ya nuna mini lambar da ke jiki: 600, 800, 1200, har 1600, wato ma'aunin kaurin abin ɗumin Thinsulate da aka shimfiɗa a ciki, giram a kowace murabba'in mita. Ya zaɓa mini 1200. Ya kuma gargaɗe ni kada na sa safar auduga, domin tana shan gumi ta riƙe, na nemi ta ulu.

Bai bar ni na biya ba sai da na sa shi a nan cikin kanti. Ya ce na tsuguna. Na tsuguna. Ya ce na ɗora ƙafa ɗaya kan benci kamar zan hau kwalekwale, na ɗora, ya sunkuya ya duba hantsar wandon, ya ce ta ja da yawa, kuma a nan ɗinki yake fara buɗewa. Ya sauya wani. Ya danna kan takalmin da babban yatsa yana neman inda yatsuna suka tsaya. In ya matse, jini ba ya gudu, yatsu su daskare komai yawan giram; in ya yi sako-sako, taɓo ya riƙe takalmin ƙafarka ta zare a ciki. Ni, magidanci da 'ya'ya, ina ta tsugunawa ina miƙewa a gaban jama'a, shi ko a jikinsa.

Inda fuskarsa ta sauya shi ne kan bel. Wani ɗan bel ne da ake ɗaurawa a ƙugu ta saman wandon. Ya ce in ka zame ka faɗi babu shi, ruwan ƙanƙara zai cika wandon tun daga ƙirji, ka kasa hawa kwalekwale saboda nauyi. Mafarautan jihar nan ba sa wasa da sanyi, kuma suna da dalili. Ranar 11 ga Nuwamba 1940 gari ya waye da ɗumi, agwagi suka yi ta kwarara, mutane suka fita bakin kogin Misisifi da tufafi marasa kauri. Kafin dare guguwar dusar ƙanƙara ta rufe su. Mutum 49 suka mutu a Minisota kaɗai, da yawansu mafarautan agwagwa. Har yau ana ba yara labarin.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Su wandunan nan an yanka su ne don masu tumbi. Ni dogo siriri, wanda ya yi mini tsawo sai ya bar fili a ciki da za a iya zuba buhun gero. Ciniki kuwa babu shi, abin da aka liƙa shi za ka biya, a ɗora maka haraji a wajen biya. Na yi kewar "albarka" da "sallama mana, Alhaji", na yi kewar a turo yaro ya kawo maka ruwan sanyi ana ta ja-in-ja. Ga takardu: lasisin jiha, kan sarkin izinin farautar agwagwa na jiha, da na tarayya wanda ake sayarwa tun 1934, yanzu dala 25, kusan duk kuɗinsa na tafiya wajen saye da kare fadamu. Duk wanda aka haifa bayan 1979 sai ya yi kwas ɗin riƙe bindiga kafin a ba shi lasisi. Harsashin dalma haramun ne a kan agwagwa a duk faɗin Amurka tun 1991, bindiga kada ta ɗauki fiye da harsashi uku, agwagwa shida a rana, kuma jami'in kula da namun daji yana iya ɓullowa daga cikin ciyawa ya ƙirga. Harbi yana buɗewa rabin sa'a kafin fitowar rana, wanda ke nufin asuba a bakin ruwa take riskar ka. Ka yi alwalarka tun daga gida ka riƙe ta da kyau, kada ka cika shayi, domin mai jin fitsari cikin wannan wando, da yatsu a sandare, abin tausayi ne.

Ba a jima ba wandon ya fara yoyo a gwiwar hagu. Na ɗauke shi da busasshen taɓonsa da warin fadama na koma kantin, na shirya jawabi tun a mota, har da rantsuwa. Wata yarinya ta karɓi rasit, ta juya wandon ta dubi ɗinkin, ta ba ni haƙuri, ta ce sabo nake so ko kuɗina. Shi ke nan. Jawabina bai samu mai saurare ba.

A nan ne raina ya ɓaci, da mu mutanen gida. A ƙasan rasit ɗinmu nawa aka buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa? Ka sayi takalmi yau, gobe ya buɗe baki, ka koma, mai shago ya dube ka ya ce ai lafiya lau ka fita da shi. Shi ne kuma jiya ya rantse maka da Allah cewa orijina ne. Muna sallah sahu ɗaya da shi, ya san hukuncin ɓoye aibin kaya sarai. Abin da zan ce mun fi su shi ne gyara. Da a gida ne, mai facin taya na bakin tasha zai liƙe gwiwar nan kafin ka gama cin gyaɗa. Nan kuwa in wa'adin mayarwa ya wuce, kai za ka shiga ɗaki mai duhu ka zura tocila cikin wandon ka nemi inda haske ke fita, ka shafa gam ka jira har gobe.

Ciyawar da muke laɓewa a ciki kuwa, da gari ya waye na dube ta da kyau, ashe 'yar uwar kacala ce, wadda ta toshe mana hanyoyin ruwa daga Haɗejiya har Nguru. Mutanenmu suna shiga sarar ta da lauje, ruwa har ƙirji, daga su sai gajeren wando. Matsattsaku ya kama, kara ya yanka, tsargiya ta shiga ta fata, yaro ya yi fitsarin jini a ce girma ne. Nan mutum yana sa wannan kaya don nishaɗin ƙarshen mako. 'Yan kasuwarmu da ke zirga-zirga Sin suna cika kwantena da kwalliyar waya, ban ga wanda ya kawo wa kasuwar garinmu na roba mara kauri mai araha ba, irin wanda zai yi daidai da zafinmu, don niyofirin a can dafa mutum zai yi.

Na kira Yaya na faɗa masa duk wannan, na ce zan aiko masa da marasa nauyi guda biyu kafin dashen shinkafa, ya auna mini ƙafarsa. Ya ce, "To, ƙanena, Allah ya saka da alheri. Amma tsaya, dala nawa ka ce ka zuba a wando don agwagwa shida?" Na faɗa masa. Ya ce na turo masa kuɗin biyun kawai, taki ya yi tsada bana.