Garejin da ke shirya tsohuwar Fijo 504 domin tsere a Sakkwato

Kanikawan da suka san cikin Peugeot 504 suna da yawa a Sakkwato, domin mota ce da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, amma waɗanda za su iya shirya ta domin tsere ƙalilan ne. Wani gareji da ke gefen titin Western Bypass yana cikin ƙalilan ɗin, kuma can na kai tawa, mai injin fetur na lita 2 da giya huɗu.

Buri a kan wannan mota ba wauta ba ne, tunda 504 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, sannan samfurinta mai ƙofa biyu da injin V6 (mai silinda shida) ya sake lashe shi a 1978.

A wajen inji aikinsu ya fi ƙarfi. Sun sauke shi gaba ɗaya, suka auna silinda kafin su sa sababbin fistin da ringi, suka goge hanyoyin shigar iska, suka wasa bawul, sannan suka cire tsohuwar kafireta suka ɗaura Weber mai maƙogwaro biyu. Na nemi a kankare kan injin sosai domin matsin cikin silinda ya ƙaru, babban bakaniken ya ƙi. Hujjarsa ita ce, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma fetur ɗinmu ba kullum yake da kyau ba, matsi mai yawa yana sa mai ya kama wuta kafin lokacinsa, har ya ƙona fistin. Ya ce: "Alhaji, motar da ta isa ƙarshen fage ita ke cin tsere." Kaɗan ya kankare, ya sa lagireto mai girma, ya kuma dage a kan matatar iska mai kyau saboda ƙurar hunturu. Ina ganin gaskiya ce da shi, domin ko da tsakar rana a kan hanyar Argungu allurar zafi ba ta wuce tsakiya.

Giyabos kuwa bai samu irin wannan kulawa ba. Sabon kulochin yana kamawa tsaf, kuma haƙoran aksul da suka canza sun sa motar tana zabura da wuri, ko da yake hakan ya rage mata gudun ƙoli, ya kuma ƙara mata shan mai, abin da suka gaya mini tun farko. Sai dai giya ta biyu tana yin ƙara idan aka sauko mata da sauri, alamar zoben da ke daidaita juyin haƙora ya cinye, kuma bai kamata a rufe giyabos a bar shi ciki ba.

Alkawarin lokaci ma ba su cika shi ba, saboda jiran kaya daga Legas, kuma ba sa rubuta lissafi sai an matsa. Wanda zai kai musu mota ya nemi a rubuta masa kuɗin kaya daban da na aiki, ya kuma tsaya a buɗe giyabos a gabansa.