Abincin abonma na Hajiyar Zango: ɗanɗano daidai gwargwado, amma lokaci ba ya kuskure

Jama'a masu tambaya ta a kan matar nan ta Zango da ke kawo mana abincin rana a biro, ga abin da na gani. Tsarinta abonma ne, kana biya a farkon wata, hannu da hannu ko ta Nita, kamfanin nan na aika kuɗi, kwano ɗaya yana kamawa wajen jika ɗaya, yaronta ya ɗauro kuloli a bayan moto ya zagaya ma'aikatu daga Litinin zuwa Alhamis. Ran Juma'a babu, tunda ana tashi da wuri kowa ya tafi gida ya ci na matarsa.

In don daɗi ne kawai to gaskiya akwai waɗanda suka fi ta a Damagaram. Shinkafa da wakenta lafiya lau, dambunta da zogale shi ne gwaninta, wannan kam ba magana, amma miyar tumatir ɗinta mai ya cika yawa wani lokaci har yana iyo a sama, naman kuma yanka biyu ne ƙanana sai ka tona kafin ka gansu. Taliyar ranar Laraba ban san me ya haɗa ta da gishiri ba.

Abin da ya sa duk da haka nake ce wa mutane su yi abonma ɗin shi ne lokaci. Ƙarfe 1 da ƴan mintoci yaron nan yana bakin ƙofa, ko ana zafin Afrilu da ya wuce digiri 40, ko ana hazon hunturu. Kuma wanda bai yi aikin biro ba ba zai gane me wannan ke nufi ba. Mu fa yawancinmu da safe shayi ne da burodi a tsaye wajen mai tebur, wasu ma Nescafé kawai suke kurɓa su hau moto saboda an kai yara lakkwal an makara, daga nan sai dosiye kan dosiye, shef ya kira taro ƙarfe 12 ba a fito ba sai bayan azahar, ka ce bari in ƙarasa wannan takarda tukuna, kafin ka ankara la'asar ta yi cikinka babu komai sai goro da ruwan leda. To a wannan tsakanin ne ake yin duk faɗan da ake yi a ofis. Mutum ya zo daga ƙauye tun safe neman sa hannu a takarda, a daka masa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, a ce wai ma'aikaci ba shi da hali.

Ba halin ba ne kaɗai. Ƙwaƙwalwa wajen kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma sukarin jini ne abincinta. In ya yi ƙasa jiki yana sakin sinadaran da yake saki lokacin tsoro ko tashin hankali, su adirenalin da kotizol, shi ya sa za ka ji hannu na ɗan rawa, zuciya na bugawa, ƙaramar magana ta zame maka babba. Sannan jiki yana da agogonsa na awa 24, binciken wannan agogon ne ma ya sa aka ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel ta likitanci a 2017, kuma ba hasken rana kaɗai ke saita shi ba, lokacin cin abinci ma yana saita na hanta da hanji. Yau ka ci ƙarfe 1, gobe ƙarfe 5, jibi sai bayan isha'i, kamar kana ta murɗa agogon bango ne gaba da baya kana mamakin me ya sa ba ya ba ka lokaci daidai.

A ofishinmu tun da yawancinmu suka shiga abonma ɗin, yamma ta yi sauƙi. Ba na cewa an daina gardama, ai albashi in ya yi jinkiri ko dambun aljanna aka kawo sai an yi tsaki, amma wannan ƙuncin na bayan azahar da ciwon kai ya ragu sosai. Kuma akwai wani amfani da ban yi zato ba, tunda kulolin tare suke zuwa sai ya zama tare muke ci, a yi salla a shimfiɗa tabarma a inuwa, har wanda da ba ya magana da kowa yanzu yana sa baki a hira. Da dare ma na lura ba na afka wa tuwo kamar da, don wanda ya wuni da yunwa shi ne ke cika ciki ƙarfe 10 ya kwanta nan take, ƙwannafi ya hana shi barci, gari ya waye yana jin haushin kowa. Likitoci suna cewa a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne yawan shinkafar. Kwanon ya yi girma, in ka cinye duka a wannan zafin ƙarfe 3 idonka rufewa yake a gaban kwamfuta, sai ka koma neman shayi mai kauri, shi kuma sinadarin da ke cikin shayi da kofi yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, to wanda ka sha da la'asar yana nan tare da kai har kan gado. Na yi mata magana na ce Hajiya a rage shinkafa a ƙara wake da ganye, ta ce "ɗana, in na rage ai cewa za a yi na cuci mutane." Da gaskiyarta, haka muke auna abinci a garin nan. Ni dai rabi nake ci in ajiye saura zuwa la'asar.

Ta fara kuma kai wa masu aikin dare, ƴan gadi da ma'aikatan jinya, wajen ƙarfe 12 na dare. Wannan ɓangaren ne ban goyi baya sosai ba. A 2022 wani asibiti a Boston ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi wa mutum 19 da aka sa su yanayin aikin dare, waɗanda suka riƙa ci dare da rana alamun baƙin ciki sun ƙaru musu da kashi 26, na fargaba da kashi 16, waɗanda suka tsaya ga cin rana kawai ba a ga wannan canji ba. Mutum 19 ba yawa ba ne, amma ya isa ya sa mai gadi ya yi tunani kafin ya danna kwanon shinkafa tsakar dare. Gara ya ci mai nauyin kafin ya fita daga gida, cikin dare in yunwa ta matsa ɗan kunu ko dabino ya wadatar.

Masu ciwon sukari ko hawan jini ku gaya mata tun ranar biya, tana ware kwano mai ƙarancin gishiri da mai in an faɗa mata da wuri. Kula kuma taka za ka kawo ka rubuta sunanka a murfi, in ba haka ba ta wani za a dawo maka da ita.