Gashin shinkafa da madara da aka yi mini a Kerala

Jinyar maigidana ce ta kai ni Kochi, a jihar Kerala ta kudancin Indiya. Wata biyu ina kwana a kan bencin ɗakin asibiti, sai bayana ya riƙe, kafaɗar dama ta sage, ruku'u ma da ƙyar. Wata nas ce ta ga yadda nake tashi ina dafa bango, ta ce in gwada navarakizhi, wato gashin jiki da dafaffiyar shinkafa da madara, a wani gidan maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda, da ke bayan gari.

Likitar ta tambaye ni cin abinci, barci, har bahaya, ta riƙe jijiyar hannuna ta ɗan jima. Ta ce ba a yi wa mai zazzaɓi ko wanda cikinsa ya ɓaci. Ta rubuta mini kwana 7.

Shinkafar da ake aikin da ita sunanta navara, ja ce, an fi noma ta a yankin Palakkad. A Sanskrit, tsohon harshen Indiya, shashtika suke ce mata, wato mai kwana 60, don wajen kwana sittin take yi ta nuna. Ana dafa ta da madarar shanu da ruwan saiwar kurunthotti har ta yi laushi kamar za a tuƙa tuwo. Da aka nuna mini ganyen na yi dariya, ashe ɗan'uwan garmani ne, wanda ya cinye mana makiyaya muke ta tsine masa. Sai a ƙulla shinkafar a farin ƙyalle, dunƙule huɗu, kowanne ya ɗan fi curin fura.

Mata biyu ne suka yi mini, wannan kuwa shi na fara tambaya kafin in biya ko kwabo. An kwantar da ni a gadon katako, aka shafe ni da mai mai ɗumi. Biyu daga cikin dunƙulen suna hannunsu, biyu na cikin tukunyar madara a kan wuta, da ɗaya ya huce sai a musanya. Hannayensu tafiya ɗaya suke yi, dama da hagu, kamar masu daka a turmi guda. Duk wadda ta san gashin da ake yi wa targaɗe da tsumma da ruwan zafi ta san rabin abin, sai dai wannan zafin ba ya ƙona fata, a hankali yake ratsa nama. Kusan awa guda ake yi. A ƙarshe shinkafar ta gama tsiyayowa ta ƙyallen, jikina ya zama kamar an tsoma ni a kunu, aka kankare da ganyen kwakwa, na yi wanka da ruwan ɗumi da garin koren wake.

A nan zuciyata ta ɗan sosu. Mu da aka rene mu da tsince ƙwayar hatsi in ta faɗi, ga shinkafa da madara ana kwashewa daga cinyata ana zubarwa kullum. Ƙarnin madara kuma ya bi mayafina har asibiti. Dokokin ma da nauyi: ba ruwan sanyi, ba barcin rana, abinci sai kanji, wato shinkafa mai ruwa-ruwa, da ganye. Ga kuɗin ba na wasa ba.

Rana ta uku na yi sallar asuba ban dafa komai ba. Barcin da na yi a makon nan rabona da irinsa tun Katsina. Bayan nawa ya saki sosai. Kafaɗar kuwa, da muka dawo gida na koma aikin wanki da ɗaukar jikoki, sai ta dawo da ƙararta, dole na je wurin likitan ƙashi.

Na taho da kilo biyu na navara. Ban ƙulla ko dunƙule ɗaya ba, kunu na dama wa Alhaji da ita, da madara da 'yar citta, ya shanye ya nemi ƙari.