BRAM ko LUT, ina ya kamata samfurorin filta su zauna?

Ɗan uwa na ga tambayarka, ka ce ka haɗa filtar FIR (mai ninka samfurorin sauti na baya-bayan nan kowanne da lambarsa ta tara su) mai taf 1024, wato ninkawa 1024 ga kowane samfur, don sauti a kan guntun FPGA na Artix-7 35T, manhajar tsara guntun wato Vivado ya nuna LUT (ƙananan tubalan lojik) sun ƙare kakaf alhali BRAM (bulolin ma'ajiya na cikin guntun) ko guda ba a taɓa ba, shin ka kwashe layin jinkirin, wato inda ake ajiye samfurorin baya, zuwa BRAM ko ka bar shi a LUT. Toh bari mu jera su gefe da gefe da lissafi, don a nan ne bambancin ke fitowa.

Guntun naka yana da LUT 20,800, BRAM 50 kowanne kilobit 36 wanda ana iya raba shi gida biyu 18-18, sai DSP 90, tubalan da aka gina don ninkawa da tarawa. Samfur 1024 kowanne bit 16 ya kama bit 16,384. A BRAM rabin bulo ɗaya ya ɗauke su duka, shikenan. A LUT kuwa, kowacce bit 64 take riƙewa in ta zama RAM, kaga LUT 256 kenan tun kafin a ƙirga masu zaɓo adireshi, in kuma a matsayin SRL32 ne mai tura bit 32 to 512 za ta ci. Kuma ba kowace LUT ke iya wannan aikin ba, sai waɗanda ke cikin SLICEM, wato rukunin LUT masu iya zama ma'ajiya.

Amma juya lissafin. In samfur 32 kawai kake so, LUT 16 sun gama maka, sa shi a BRAM kuwa ɓarna ce zalla, bit 512 a cikin ɗaki mai cin sama da dubu 18. Ƙarami LUT, mai zurfi BRAM, ni dai daga wajen samfur 64 zuwa 128 nake fara kallon BRAM.

Wajen karantawa ma sun bambanta. RAM ta LUT kana ba ta adireshi take miƙo maka amsa, BRAM sai ta jira bugun agogo ɗaya, biyu ma in ka kunna rijistar fitarwa, kuma ka kunna ta wallahi in kana son gudu. Sannan ƙofa biyu kacal gare ta, ba za ka iya zaro samfur dubu a bugu ɗaya ba.

Nan ne nake zargin ainihin matsalarka take, ba ajiya ba ce ta cinye LUT ɗin, ninkawa ce. Da alama ka rubuta filtar yadda duk taf 1024 za su yi ninkawa lokaci guda, DSP 90 suka cika, ragowar aka zuba su a LUT. Alhali sauti ne fa, samfur 48,000 a daƙiƙa, agogonka in megahaz 100 ne kana da bugu sama da 2,000 tsakanin samfur da samfur. DSP48E1, wato irin DSP ɗin guntun naka, guda ɗaya tak, mai ninka bit 25 da 18 ya tara a bit 48, zai bi taf ɗin ɗaya bayan ɗaya ya gama har lokaci ya yi saura. Samfurori a rabin BRAM, lambobin ninkawa a ɗaya rabin, sai ɗan maƙirgi (counter) mai zagaya adireshi. In lambobin filtar gaba da baya iri ɗaya ne, akwai mai tarawa a gaban mai ninkawar cikin DSP ɗin, ka haɗa samfur biyu kafin ninkawa aikin ya ragu da rabi. Wanda siginarsa ke gudu daidai da agogo, irin na rediyo, shi ne dole ya jera DSP da yawa ya riƙe samfurori kusa da su.

Abu ɗaya da ke yawan kama mutane: riset, wato siginar goge komai a koma farko. In ka sa wa layin jinkiri riset, Vivado ba zai iya mayar da shi SRL ko BRAM ba don abin da ke cikinsu ba ya gogewa a bugu ɗaya, sai ya watsa shi a filif-filof (masu riƙe bit ɗaya-ɗaya) 16,384 daga cikin 41,600 da kake da su. Cire riset ɗin, ka sa karatun ya bi bugun agogo, in har yanzu ya ƙi to ka rubuta masa ram_style = "block" a kan ma'ajiyar, ka sake duba rahoton amfani da kayan ka gani ko BRAM ta motsa daga sifiri.