Read Along ta Google: na saka wa ƙanina ɗan sakandare, ga abin da na gani

Iyaye da yayye masu yaro a sakandare da har yanzu in an miƙa masa littafi sai ya kama in'ina, ku gwada wannan manhajar. Sunanta Read Along, ta Google ce, a Indiya aka fara ta a 2019 da sunan Bolo, a 2020 suka canza mata suna suka sake ta ga sauran ƙasashe. Kyauta ce a Play Store, ba talla a ciki, kuma in ka sauke labaran shi ke nan ko ba data tana aiki.

Labari ne zai fito da hotuna, yaro ya karanta da ƙarfi, wata yarinyar katun mai suna Diya tana saurarensa, in ya yi daidai ya samu tauraro, in ya maƙale ta faɗa masa kalmar, ko shi ya taɓa kalmar ya ji yadda ake furta ta.

Ƙanina shekararsa sha huɗu, hadda kam ba a magana, amma ka ba shi kalmar da bai taɓa gani ba sai ya kalli harafin farko kawai ya cinki sauran. Kuma wallahi abin da ya fi cin sa kunya ce, malam ya ce tashi ka karanta, ƴan aji su kwashe da dariya, tun daga nan yaro ya koma bencin baya ya yi gum. To ita Diya ba ta dariya, ba ta tsawa, ko sau nawa ya maimaita layi ɗaya ba ta gajiya. Bayan isha'i yake shiga ɗaki da wayata ya turo ƙofa, ina jiyo shi yana jan kalma a hankali har ya haɗa ta. Yanzu in muna cikin adaidaita allunan shaguna yake karanta min.

Sai dai fa a sani, don ƙananan yara aka yi ta, ƴan shekara biyar zuwa sama, don haka labaran na yara ne, kar a ba saurayi a gaban ƙannensa, zai ga kamar an raina shi. Sannan akwai Turanci da Larabci amma babu Hausa, ni kuma a ganina gara yaro ya fara iya haɗa baƙi da wasali a Hausa, ba bi bu, tunda yadda ake faɗa haka ake rubutawa, Turanci kuwa ba haka yake ba. Wannan ɓangaren ni nake zama da shi da biro da takarda.

In an yi ta fama har yanzu yaro yana rikita b da d ko yana tsallake layi, a kai shi a duba idonsa, a kuma nemi malamin da ya san disleksiya, don matsala ce ta karatu da ake taimakawa a kanta, ba daƙiƙanci ba ne, a daina kiransa daƙiƙi don Allah.