Murhun gawayi na 'yan Panteka, ga masu tambayata ko yana da kyau

Amsar a taƙaice eh yana da kyau, amma ba kowanne ba, kuma akwai inda ya ban haushi. Wanda nake magana a kai shi ne mai murabba'in nan da ake liƙe cikinsa da yumɓu, ga 'yar durowar toka a ƙasa, ga ƙofar iska da kike buɗewa ko rufewa yadda kike son wuta. A tsohuwar Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, nan kusa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kadpoly na sa aka ƙera min, wajen wani yaro mai walda, ba zan sa sunansa ba don ban tambaye shi ba.

Yumɓun nan shi ne sirrin. Murhun ƙarfe zalla irin na da zafi ta gefe yake zurarewa, kina ta fifita gawayi na ta ƙarewa, shi kuwa wannan yana riƙe zafin ya tura shi gindin tukunya. Gawayin da a da ba ya kai ni ƙarshen miya yanzu da shi nake tuwo da miya har in ɗora ruwan wankan yara. Wake kam ba a magana, ki rufe ƙofar iska rabi ki tafi harkarki. Tunda kilon gas ya haura naira 1,000 a 2024 ai duk mai yara da yawa ta san dafa wake a gas ganganci ne.

Abin da ke ban dariya, rabin matan layinmu suna da irinsa amma a bayan gida ake ɓoye shi kamar kayan sata. A kicin kuwa ga ƙatuwar kuka mai kai huɗu da obin, har yau ledarta ba a cire ba, an saye ta ne don 'yan ganin ɗaki kar a ce gidan su wance ba su fita kunya ba. Uba ya ci bashi, uwa ta kwashe adashinta, an yi jere an ɗauki bidiyo an sa a TikTok, wata biyu silinda ta ƙare ango ya ce a yi haƙuri sai ƙarshen wata. To wa aka burge? Ni dai da za a ji tawa, a sa wa amarya murhun nan cikin kayan kicin a fili, a rage girman kukar.

Shi kansa yaron mai waldar ashe difloma gare shi. Ina tsaye yana yanka falanki da giranda, tartsatsi na tashi, rigarsa duk ta huhhuje, na ce ƙanina da karatunka? Ya yi dariya ya ce Anti har gida an hana ni mata, wai me za a ce wa dangi, mai walda? Wanda aka ba kuwa kullum cikin shadda da makullin motar aro. Kaduna muna da wannan cutar, garin ma'aikata ne tun zamanin gwamnatin Arewa, in ba ka rataya katin ofis ba kamar ba ka da aikin yi, alhali masaƙun Kakuri da iyayenmu suka dogara da su tuni suka mutu, masaƙar KTL tun 2002 take rufe, Panteka kuwa har gobe guduma ba ta daina ƙara ba. Yara uku na gani a ƙarƙashinsa suna koyo, ɗaya na kwaɓa yumɓu da ƙafa, kuma gabana ya aika a sayo musu shinkafa da wake.

Sai dai fa alƙawari, hmm. Ya ce jibi, jibin nan sai da ta zama mako, kullum an ɗauke wuta Anti, kuma na san da gaskiyarsa don waldarsa sai da lantarki, amma ai kira ɗaya bai gagara ba. Fentin ma na banza ne, wutar farko ya fara ɓarewa yana wari, gara ki kunna shi a waje ya ƙone tukuna. Hannayen gefe ƙarfe ne tsirara, suna ɗaukar zafi sosai, sai da tsumma, na ce ya sa katako a na gaba. Ga nauyi, ba abin da za ki ba yarinya ta ɗauka ba ne. Kuma don Allah kar a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi, hayaƙin gawayi ba ya wari amma yana kisa.

Kuɗinsa bai kai abin da muke zubarwa a anko ɗaya da ɗinki da ɗaurin kallabi ba, kuma ana ciniki. In za ki je ki je da safe kafin rana ta yi, ki sa takalmi rufaffe saboda guntayen ƙarfe, ki ƙwanƙwasa jikin ki ji kaurin falankin don akwai masu yi da tsohuwar durom mai laushi, ki duba yumɓun bai tsage ba. Ki tsayar da mai keke tun daga bakin titi, don ba ya ɗaukuwa a acaɓa.