Ƙwannafi: Omeprazole ko Allurar Sinawa?

Ƙwannafi na tasowa ne idan ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi ta saki, ruwan tsamin ciki ya hauro sama yana ƙona ƙirji.

Omeprazole maganin ƙwaya ne da ke rage yawan tsamin da tumbi ke fitarwa. Ana shan sa da safe, kamar rabin awa kafin karin kumallo, galibi na mako 4 zuwa 8. Yana da araha, kuma yana warkar da gyambon da tsami ya yi wa maƙoshi. Sai dai shan sa shekara da shekaru na iya rage sinadarin magnesium da bitamin B12 a jiki.

Allurar gargajiyar Sin kuwa ba magani ake ɗura wa mutum ba. Siraran allurai ake kafawa a wasu gurabe, kamar Neiguan da ke kusa da wuyan hannu da Zusanli da ke ƙasan gwiwa. A 2007 an wallafa wani gwaji da aka yi a Arizona ta Amurka kan mutum 30 masu ƙwannafi waɗanda ƙwaya ɗaya ta irin wannan magani a rana ba ta ishe su ba. Waɗanda aka haɗa musu ƙwayar da allura sun fi waɗanda aka ninka wa ƙwayar samun sauƙi. Abin lura a nan, mutum 30 kaɗan ne, kuma ba wanda ya ajiye ƙwayarsa.

Ni dai da ƙwaya zan fara, allura ta biyo baya in ƙwayar ta gaza, a hannun ƙwararre mai sabuwar allura. Wanda haɗiya ke yi wa wuya, ko yake aman jini, ko yake ramewa, ya nufi asibiti kai tsaye.